Masu Gadi Uku, Kwamfuta Ɗaya

Litinin, 3 ga Mayu, 2010

Yau kam na ga ta kaina. Wata ɗalibar kwaleji ta kawo filash in buga mata aiki, ina sakawa kwamfutar ta birkice. Duk abin da na tara, katunan biki, rasit ɗin 'yan Kwari, takardun haya, suka koma wasu farare masu 'yar kibiya, ka danna har yatsa ya gaji ba abin da zai buɗe. Na leƙa shagon Cyprian mai gyara, wanda ke jikin nawa a nan Bata, na ce ya zo ya ga ikon Allah. Ya duba ya ce, "Mama, bairos ne. Ba ki da anti-bairos?" Na ce ban ma san shi ba. Ya riƙe baki kamar na ce masa ba na kulle gida. Ya dawo min da takarduna, ya sa min wani ƙarami kore, na kyauta, ya ce maigadi ne, ba ya cin wuri.

Ni Yakaka da na fara aiki tun shekarar Udoji, ban taɓa jin tafireta ta ɗauki cuta ba. Iyakarta ribin ya bushe ka canza.

Laraba, 5 ga Mayu

Lafiya lau. Koren yana kusurwa bai ce uffan ba. Irin maigadin da nake so ke nan.

Asabar, 8 ga Mayu

Fanta da baki! 'Yar nan tawa ta je ta kwashe labari ta gaya wa mijinta, sai ga shi da hantsi. Ya cire takalmi a shagon da ko tabarma babu, ya durƙusa, kai a ƙasa. Na amsa gaisuwar ina kallon kalanda. Tun da ya auri Fanta ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba, in aka ce in nuna shi cikin taro sai dai in bi takalma. Ga surukuta, ga shi Bafulatani, kunya kamar ta kashe shi. Abin takaici, Allah ya kawo wa Babarbariya Bafulatani har gida, amma ba damar tsokana.

Ya gaya wa bango, "An ce na'urar ta samu matsala, shi ne aka kawo magani."

Na gaya wa firinta, "An gode, Allah ya yi albarka."

Na ja mayafi na koma shagon Cyprian na zauna har ya gama. Da na dawo na tarar da wani ƙaton ja mai hoton zaki ya cika rabin sikirin. Fanta ta bugo da yamma, wai duk Asabar zai riƙa zuwa da modem yana yi masa abdet, wato a ba zakin abinci. To.

Talata, 11 ga Mayu

Yaya Goni ma ya ji. Ya rufe rumfarsa a Singa ya taho da faifan sidi naɗe a hankici, wai ɗansa ne ya aiko daga Maiduguri. Cyprian ya ce, "Baba, akwai biyu a ciki fa."

Yaya ya ce, "To na uku cizo zai yi? Layinmu a Singa masu gadi huɗu ne, ka taɓa jin an fasa mu?"

Cyprian ya dube ni. Me yake so in ce? Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya tako ƙafa cikin ranar nan, in ce masa ya mayar da kayansa? Aka sa. Wannan shuɗi ne. Kafin ya tafi ya yi wa sikirin tofi don ƙarin tsaro. Sai da ya sha kwana na goge.

Juma'a, 14 ga Mayu

Innalillahi. Na kunna ta, na yi alwala, na yi walaha, na aika aka sayo ƙosai na cinye, ita ko miƙa ba ta gama ba. In na buga kalma, haruffan sai su riƙa fitowa ɗaya-ɗaya kamar alhazai suna saukowa daga jirgi. Jan ya kama shuɗin wai ɓarawo ne. Shuɗin ya kama koren. Kowanne yana fito da sanarwa yana neman izinina ya kashe ɗan'uwansa. Ni da na ɗauki masu gadi, na koma alƙali.

Wani ɗan Kwari da ya kawo aikin rasit ya gaji da tsayuwa ya ce, "Hajiya, ko in je Legas in saro kaya in dawo?" Ya tafi da aikinsa gaba. Ban ga laifinsa ba.

Litinin, 17 ga Mayu

Oga Ambrose ya rasu jiya.

Talata, 18 ga Mayu

Na je gaisuwa Sabon Gari. Bridget matarsa tana ganina ta riƙe ni, muka yi ta kuka kamar yara.

Shi ne shugabanmu a ɗakin tafireta lokacin da na kama aiki ina 'yar sha tara, ba na iya komai. Ya riƙa rufe min hannu da ƙyalle don kar in kalli maɓallai. Kuskure ɗaya, sai ya zare takardar ya yaga ya ce, "Sake!" Na tsani mutumin nan a shekarar farko, wallahi. Da kuɗin Udoji ya fito, kowa ya haukace, mata na sayen kwalla da sarƙa, maza na sayen babur da rediyo mai kaset, shi ya ja ni kasuwa ya sa na sayi tafireta tawa ta kaina. Da ita na ciyar da yara bayan mahaifinsu ya rasu. Bai taɓa yaba min ba ko sau ɗaya. Na ji mutuwar nan har cikin ƙashina.

Asabar, 22 ga Mayu

Mijin Fanta ya zo. Takalmi, durƙuso, bango, firinta. Na koma wajen Cyprian.

Cyprian ya ce, "Mama, ki gaya masa mana." Na ce a gaya wa wa? Yaron nan a Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, amma har yau bai san suruki ba.

Zakin ya ci abdet ya ƙara ƙiba.

Litinin, 24 ga Mayu

Bridget ta zo shago da kanta cikin baƙaƙen kaya, da jakar leda cike da hotuna da takardu. Littafin jana'iza suke so, irin wanda suke rabawa: tarihin mamaci, hotuna, waƙoƙin coci, saƙon 'ya'ya da jikoki. Alhamis da yamma za a yi masa addu'a a cocinsu, Juma'a da safe su wuce da gawar ƙauye. Yaran sun so a kai babbar maɗaba'a, ta hana.

Ta ce, "Yakaka, shi ya ce. Ya ce duk Kano ke kaɗai ce ba sai ya duba aikinki ba."

Shekara talatin da biyar, mutumin nan bai gaya min ba sai da ya mutu. Na ce mata Alhamis da safe ta zo ta ɗauka. Tana fita na juya na kalli kwamfutar, jan da shuɗin suna shaƙe da wuyan juna.

Talata, 25 ga Mayu

Wuni guda, shafi biyu. Kuma shuɗin ya kama hoton Oga na ranar aurensa ya kulle, wai bairos ne. Mutumin da ko tarar hanya ba a taɓa ci ba!

Na kira Cyprian na ce ya faɗa min gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ce maigadi ɗaya ake sawa, ba a haɗa su. Ya ce a duba ƙarfin kwamfutar tukuna, tawa tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta kaɗan. Na Yaya Goni ba kyauta ba ne ma, ɗanɗano ne, kwana kaɗan zai fara roƙo. Jan ba laifi gare shi, amma na sababbin kwamfutoci ne, shi kaɗai ya cinye wurin. Koren ne daidai ita. Na ce bismillah. Na Yaya ya fita salin-alin, shi dama ba zai bambance shuɗi da kore ba. Da aka zo kan zakin, ya ce sai an ba shi kalmar sirri. Mijin Fanta ya kulle shi don kar masu kawo aiki su taɓa.

Na wuce Rijiyar Lemo wajen Fanta na ce ta karɓo min. Sai ta sa kuka. Ashe tun da shagonsa na wayoyi ya durƙushe yana gida, ba ya fita, ko majalisa ya daina zuwa. Ta ce, "Inna, Asabar ce kaɗai yake goge kaftani ya sa hula ya fita kamar mai wurin zuwa. Ni ba zan iya ce masa an kore shi ba."

Ban san haka abin ya kai ba. Ba wanda ya gaya min. To wa zai gaya min, firinta?

Laraba, 26 ga Mayu

Na aika aka kira shi. Ya zo a firgice, ba Asabar ba.

Na fara da kalanda kamar kullum. Na ce an ce injuna suna tsufa. Ya ce wa ƙasa, "Haka ne." Na ce an ce wani maganin yakan fi ƙarfin mara lafiya. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Na ce an ce zaki dabba ne mai ci da yawa. Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Da an bar mu haka, da har a binne Oga a yi arba'in muna nan.

Hotunan suna baje a kan tebur, Oga yana harara ta ta saman tabarau. Gobe Bridget za ta zo, me zan miƙa mata? Na juya kujerar gaba ɗaya na dube shi. Ashe yana da wushirya. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu, yaron da nake ɗauka ɗan jiya.

Na ce, "Ɗan nan, anti-bairos ɗinka ya kashe ni. Don Allah cire shi."

Ya ɗago, idanunsa kamar an kama shi da satar kaza. Ya ce, "Wallahi Inna tun ranar farko na ga ya yi mata nauyi. Ni ma na cire shi a tawa tuntuni. Kunya ce ta hana ni in ce abin da na kawo miki bai yi ba."

Ban san sanda ta kuɓuce min ba. Na ce, "Dama wa ya aiki Bafulatani gadin kwamfuta? Da saniya ce sai in yarda." Cyprian da ke laɓe a bayan katako ya fashe da dariya har wani abu ya faɗi a shagonsa. Shi kuwa ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

Kafin ruwan shayi ya tafasa zaki ya tafi. Kwamfutar ta dawo kamar an sauke mata buhu. Ya tashi zai sa takalmi, na ce ina za shi, hotunan nan su za su shigar da kansu? Ya iya kuwa. Ya gyara hoton auren da ya koɗe har ana ganin furen hannun Bridget. Cyprian yana karanto waƙoƙin Ibo, ina bugawa, shi yana jera shafuka. Yatsuna sun tuna da kansu.

Alhamis, 27 ga Mayu

Bridget ta zo ta ɗauki littafin. Ta buɗe shafin auren ta kifa littafin a fuskarta, ta daɗe a haka. Na duba shi daga farko har ƙarshe ban ga kuskure ba. Da Oga yana nan da ya nemo ɗaya.

Asabar, 29 ga Mayu

Bridget ta bugo daga ƙauye. An binne shi da safe. Ta ce littafin bai isa ba, dangi har da faɗa, wata tsohuwa ta ɓoye biyu a zani. Allah ya ba su haƙuri.

Na ɗauka mijin Fanta ba zai zo ba, tunda koren shi yake yi wa kansa komai. Da hantsi sai ga kaftani a goge, ba modem, ba komai a hannu. Ya cire takalmi, ya gaishe ni, ya rasa abin da zai ce wa bango. Ya tsaya yana murza hula.

Na ce, "Hambali, akwai katin biki guda biyu da ke son hoto, kuma 'yan Kwari suna tambayar mai yi musu tambarin shago. Ja kujera."

Ban koma shagon Cyprian ba. Gwiwata ce ke ciwo, shi ya sa. Ɗanwaken da na sayo kuma ya yi min yawa ne kawai.