Gayyar Tubali a Itapagipe

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Sulaimanu magini, a birnin Salvador ta ƙasar Bahia, zuwa ga ƙanena Zubairu a Zazzau. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka.

Shekara talatin da wani abu ke nan rabona da ƙofar gidanmu, tun ranar da mahara suka ɗaure ni, suka sayar da ni bawa. Wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin nan da Ikko ya kawo mini saƙonka, ya kuma faɗa mini Inna ta rasu. Allah Ya jiƙanta. Ni na fanshi kaina, na auri wata baiwar Allah mai suna Lantana, mutuniyar Katsina. A saƙonka ka ce in dawo gida. Bari in ba ka labarin abin da ya faru, sai ka yi mini hukunci.

Mun daɗe muna haya a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Ladeira da Praça, inda bango ke zubar da ruwa rani da damina. Tari ya kama Lantana har tana tofar da jini. Turawan nan da dutse suke gini, da farar ƙasa mai tsadar tsiya, gida ya ci dukiya kuma ya dafa mutum da rana. Sai na sami ɗan fili a Itapagipe, kusa da teku, mai jar ƙasa kamar ta bayan ganuwarmu. Na ce zan yi irin aikin Baba: ƙasa, ciyawa, ruwa, da ƙafar mutum. Rufi kaɗai zan sa na kasko irin nasu, don ruwan garin nan ya fi ƙarfin soro. 'Yan'uwanmu da yawa sun ce in nawa ya tsaya, su ma sun bar haya.

Ranar Lahadi na kira gayya, kamar yadda ake yi a gida. Mutum wajen ashirin suka zo, Lantana ta dama kunu. Abokina Umaru, tsohon ɗan dako, shi ya ja waƙar kwaɓa ƙasa, yana tsokanata wai tubalina ya fi kan jaririn Bature muni. Na ce masa ai nasa kan ne na auna. Bango ya kai kafaɗa, tubali na shanye a rana sahu-sahu.

Ka sani, tun tawayen da Musulmi suka yi a garin nan shekarun baya, hukuma ba ta son ganin baƙar fata uku wuri ɗaya. Wani mai sayar da farar ƙasa ya je ya ce wa hukuma malamai sun taru suna gina ganuwar yaƙi. Ba zan ɗora masa abin da ban sani ba. Wataƙila cinikinsa yake tsoron ya mutu, wataƙila da gaske ya firgita, don an ce ƙaninsa ya mutu a wancan tawayen.

Sojoji suka zo muna tsaye cikin laka har gwiwa, ba damar gudu. Ba su tambayi kowa komai ba. Da gindin bindiga suka fara. Na ga an fasa wa wani dattijo baki, haƙoransa suka zube cikin kwaɓin. Ni aka karya mini yatsu biyu na dama, shi ya sa rubutun nan ya karkace. Babbansu ya ɗauki tubali ya jijjiga a kunne, ya ce albarushi muka ɓoye a ciki, suka bi sahu suna farfasawa ɗaya bayan ɗaya. Da ba su sami komai ba sai haushi ya ƙaru. Lantana ta tare tukunyarta, wani ya shure ta da ƙafa a cikinta. Umaru ya taso yana ce musu gida ne, gidan mara lafiya ne kawai. Suka buge shi ya faɗi gindin bango, sannan suka jeru suka ture bangon a kansa. Muna ji yana kiran sunana daga ƙarƙashi, ba a bar mu mun matsa ba sai da ya yi shiru. Ɗaya daga cikin sojojin ya dawo daga baya ya taya mu tono, yana kuka. Wannan ma gaskiya ne, dole in faɗa.

Ba zan iya tahowa ba, Zubairu. Lantana ba za ta kai bakin jirgi ba, kuma ba zan mayar da ita ramin nan ba. Gayya ta ƙare mini. Ni kaɗai zan gina, sahu ɗaya yau, ɗaya gobe, da hannun da ya rage.

Ka gai da Yaya Uwani, da Kawu Ɗanladi in yana raye, da ɗanka Musa da ban taɓa gani ba. Ku yi wa Umaru addu'a, ba shi da kowa sai mu.

Ga abin da na tsira da shi: azara shida, ƙyaure ɗaya, fartanya, da tubali tara da ba su fashe ba. Sauran sun koma ƙasa, ita kuwa ba su iya ɗauke ta ba, zan jiƙa in sake kwaɓawa. Wadda ta sha jinin Umaru kaɗai na ware, da ita muka rufe shi.

Wanka,
Sulaimanu