Hajiya, Na Ƙarasa Littafin

Zuwa ga Hajiya, mahaifiyar maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, Ya sanyaya makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, masu bibiyar rubutuna ne za su karanta. Na yarda su leƙa, domin ina da labarin da zan ba ki, kuma ba ni da wata hanyar.

Shekarun farko na aurena ban san ki ba, sai dai na san tsoronki. Idan muka zo Aliero gaishe ki, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa. Ke kuma kina zaune tsakanin buhunan albasa, kina ba 'yan dako umarni da murya ɗaya. Ki amsa gaisuwata, ki turo mini fura, shi ke nan. Ni malamar firamare ce 'yar Maiyama, ke kuwa 'yar Kashin Zama ta ƙasar Aliero da ta tashi cikin lambu ta tsufa a kasuwa. Na ɗauka babu abin da zai taɓa haɗa bakinmu.

Sai ciwon ido ya kama ki. Aka yi asibiti, aka yi na gida, hasken dai ya ci gaba da ja da baya har ya ɗauke. Ɗanki ya ɗauko ki ya kawo ki gidanmu a Jega Magaji, ya koma bakin motarsa, don albasa ba ta jiran mai jinya. Aka bar ni da ke da kunya a tsakaninmu.

Ba zan manta watannin nan ba. Kin juya fuska ga bango. In kawo tuwo, in dawo in iske shi ya sandare. In yi kunun gyaɗa, ki kurɓa don kada in ji ba daɗi, ki ture. Zanenki ya soma yi miki yawa. Abin da kike faɗa kullum ɗaya ne: “A maishe ni gida, in mutu inda na san hanyar ƙofa.” Ni kuwa ban san yadda ake rarrashin suruka ba. Sai in laɓe bayan ɗaki in yi kuka, in wanke fuska, ko da yake ba gani kike ba.

Takwararki, 'yata Ummi, ita ce ta yi abin da na kasa. Lokacin tana aji uku. Ƙanena da ke karatu a jami'a ya kawo mata wani littafin yara a kan duwatsu, na Turanci, mai hotuna masu launi. Yarinyar ta haukace a kansa. Duk inda ta bi sai ta dawo da aljihu cike da tsakuwa, tana jera su a gindin dogon yaro tana gwada su da hotuna. Har na gaji da faɗa, don sun huda mata kayan makaranta.

Wata rana da la'asar ta shiga ɗakinki ba sallama, ta buɗe tafin hannunki ta sa miki dutse. Ina tsakar gida, gabana ya faɗi. Kika juya shi, kika shafa, kika ce, “Wanga na gulbi na. Wa ya kai ki gulbi?” Ta ce a bakin gulbin Jega wata ƙawarta ta tsinto mata, kuma littafinta ya ce da can yana da kaifi, ruwa ne ya yi ta gungura shi shekara da shekaru har ya yi sumul. Kika ce, “Ashe shi ma wuya ya sha.” Sai kika ce ta kawo sauran.

Ranar kin taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Kin gane marmara da kaushinta, kika ce irinta ce a tudun hanyar Liba. Kin gane ƙanƙara, kika ba ta labarin yadda kakanki ke ƙyasta wuta da ita. Da Ummi ta kasa fassara wani shafi, ke da kanki kika ɗaga murya kika ce, “Kira uwarki.” Wannan ne karo na farko da na zauna a kan tabarma ɗaya da ke.

Na karanta miki inda aka ce akwai ƙasashen da yau suke tudu amma da can teku ne ya rufe su, ana gane haka da ɓawon katantanwa da ake samu cikin dutse. Na ƙara da cewa ƙanena ya ce har wannan yanki namu yana ciki. Kika ce, “Teku a Aliero? To Allah Ya kyauta, mu da muka ƙare ƙuruciya muna jan guga.” Kika yi dariya har da tari. Ranar kin cinye tuwonki.

Daga nan la'asar ta zama tamu. Muka gama littafin duwatsu, muka maimaita shi, har kina gyara wa Ummi idan ta rikita wanda wuta ta haifa da wanda ruwa ya tara.

Wata rana ina zaune kusa da ke ina karanta nawa a zuci, kika ce, “Mi takardar ga ke gaya miki kike ta ajiyar zuciya?” Na ji kunya, don labarin kisan kai ne. Na ce miki wani ɗan kasuwa ne aka iske gawarsa cikin shagonsa, ƙanensa ne ke ba da labarin, kuma littafin bai damu da 'yan sanda ba kamar yadda ya damu da abin da ke cin zuciyar ƙanen. Ba ya barci, ba ya iya bin layin shagon, yana wanke hannu ba dalili. Na zata za ki ce in tuba. Sai kika gyara zama kika ce in faro daga farko.

Kin fi ni iya sauraron irin wannan littafi. Ni ina neman wanda ya riƙe wuƙa, ke kina sauraron yadda kowa ke magana. Idan matar mamacin ta cika rantsuwa, ki ce a sa mata ido. Idan maƙwabci ya cika kirki, ki ce kin san irinsa a kasuwa. Amma ƙanen nan kin tsaya masa tsayin daka. Duk lokacin da na ce ina zarginsa, sai ki ce, “Ba shi ba ne. Rashi na ka cin shi. Ke ba ki san rashi ba tukun.”

Waƙoƙin zamani kuwa da faɗa muka fara. Ina karanto miki su daga wayata, irin waɗanda matasa ke rubutawa yanzu, ba amshi, ba daidaiton ƙarshen baiti. Kika ce wannan ba waƙa ba ce, magana ce aka kakkarya mata ƙafa, a kawo ta Aliero a yi mata ɗori. Na yi ta kare su, kina ta kushewa, kuma na lura kina jin daɗin gardamar fiye da waƙar.

Sai ranar da na karanta ta wata yarinya, gajeruwa, a kan uwar da har yanzu idan za ta auna garin tuwo sai ta ƙara na ɗan da ya rasu, sannan ta tuna, ta kasa mayarwa. Na gama na jira tsiyarki. Ba ta zo ba. Kika ce in sake. Na sake. Kika lalubo hannuna kika riƙe.

Ranar kika ba ni labarin Sani, ƙanen maigidana, wanda ban taɓa jin sunansa a bakin kowa a gidan ba sai dai a ce “marigayi”. Kika ce yana saurayi motar albasa ta kife da shi a hanyar Jega. Kika ce kin yi shekaru ba ki iya bin wannan hanya ido buɗe, kuma har kika bar girki ba ki daina ƙara nasa ba. Mutane suna yaba haƙurinki, ke kuwa kin san ba haƙuri ba ne, bakin ne kawai ya ƙi buɗuwa. Kika ce, “Yarinyar ga ta shiga madafata ta gan ni. Ki ce mata Allah Shi mata albarka.” Na rubuta mata, kuma ta amsa da amin.

A wannan yammacin kika ce in bar kiran ki Hajiya, ai Hajiya ta 'yan kasuwa ce. Tun daga nan kika zama Inna. A nan ne kuma na gane dalilin da ya sa kika ƙi yarda a taɓa ƙanen nan na cikin littafi.

Ba mu ƙarasa ba, Inna. Saura kaɗan zazzaɓin nan ya kwantar da ke. Ko a asibiti, da kika ɗan farfaɗo, kin ce in ajiye miki wurin, kada in wuce ki. Ban wuce ki ba. Littafin ya yi kusan shekara a ƙasan akwati, da tsinken tsintsiya a inda muka tsaya.

Satin da ya wuce na ɗauko shi na ƙarasa. Inna, shi ne. Ƙanen ne ya kashe yayansa. Ba da shiri ba, cikin fushi ne a kan wata tsohuwar magana, amma hannunsa ne. Na rufe littafin ina jin haushin marubucin kamar ya ci amanarki. Daga baya na yi dariya ni kaɗai, don na san abin da za ki ce: marubucin ne bai san mutane ba. Sai dai a shafukan ƙarshe, da ya kai kansa ga hukuma, ba tsoron kamu ne ya kai shi ba. Kewar ɗan'uwansa ce ta hana shi zama. A nan kam ba ki yi kuskure ba, rashin yana cin sa.

Ga kuma babban labarin. Bayan rasuwarki na gaya wa ɗanki abin da kika gaya mini. Bai san kina ƙara garin ba. Ya ce shi ma bai taɓa yi miki zancen Sani ba don gudun tayar miki da ciwo, ashe ke ma shi kike tausaya wa.

Wata biyu da suka wuce na sauka lafiya, namiji. Ranar suna, da liman ya tambaya, ɗanki ya buɗe baki ya ce Muhammadu Sani. Yanzu sunan da aka yi shekaru ana kewaye shi ana kiransa a gidan nan safe da yamma. Ummi ta fi kowa, har sai na ce ta bar shi ya yi barci. Yana da faɗin goshinki, kuma idan ya damƙi yatsa ba ya saki.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya gafarta miki, Ya mayar miki da ganinki a inda babu ciwo, Ya haɗa ki da Saninki a Aljanna Firdausi. Mu kuma Ya ba mu ikon riƙe wannan da Ya ba mu, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Ɗiyarki,
Maman Ummi,
daga Jega.