Kwaɓin Inna ba ya son gaggawa

Daren Laraba, Yelwa

Yau 'yata Rifkatu ta ɓata mini rai. Ina kasuwa ta gasa kwaɓin biskit ɗin Kirsimeti da na haɗa jiya da zuma, citta da kanumfari. Ya fito kamar dutse. Tun da Inna, mahaifiyata, ta koye shi wurin wata Bajamushiya, sai kwaɓin ya yi makonni rufe cikin tukunya kafin ya ga wuta.

"Mama, a waya an ce ba sai an jira ba," in ji ta.

Na ce, "Wayar ce za ta tauna?"

Bana babu Inna, amma biskit ɗinta ba zai bi ta kabari ba. Gobe Rifkatu za ta kwaɓa wani da hannunta, ta rufe, ta jira kamar yadda na jira.