Shuɗin Kaset na Ruwan Bago

Ruwan Bago, Rogo
22 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Yaya Shitu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Anti Sauda da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka gaishe min da ita da kyau. Wayata ta faɗa randa tun satin jiya, ta maigidan kuma sai an hau tudu take kamawa, shi ya sa na ba Lukumanu direba takarda ya kawo maka.

Ka ji dai ɗaya daga cikin shanun huɗarmu ya mutu. Damina ta matso, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Maigidan, Baban Sadiƙa, ko abinci ba ya ci sosai. Garin neman abin sayarwa ya buɗe akwatin marigayi yayansa Yusha'u, wanda ya yi aiki a tashar jirgin ruwa ta Legas. A can ƙasa muka tarar da kaset ɗin gem guda goma sha biyu, irin waɗanda ka cika ɗakinka da su.

Sha ɗaya ruwan toka ne. Ɗaya kuwa shuɗi ne, yana cikin kwalinsa, har da ɗan littafi mai rubutun da ban iya karantawa ba. A gabansa akwai hoton mutum a cikin kwalekwale. A bayansa noti biyar ne, da lamba 041. Ya fi sauran nauyi a hannu.

Yaya, kai ka san kan abin nan. Ko za su yi kuɗin buhun taki? Ka faɗa min kafin maigidan ya ba masu jari-bola.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Ummu Hani


Unguwar Hajji, Ƙaraye
24 ga Afrilu

Ummu,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana amsawa. Allah Ya mayar muku da alherin san da kuka rasa.

Kada ku ba 'yan jari-bola komai. Wasan da kika kwatanta shi ne muke ce wa Ɗan Fito lokacin muna yara. Na toka yana da yawa, ni kaina ina da uku. Akwai mai takarda ja, akwai mai takarda fara da aka yi wa Turawa, akwai kuma na China mai wasa ɗari a ciki, rabi duk maimaici. Shekara goma sha ɗaya ina wannan harka. Babu lungun Sabon Gari da ban shiga ba ina tonon kwalaye.

Shuɗin nan jabu ne. Na asali noti uku gare shi, biyar kuwa aikin masu kwaikwayo ne, nauyin ma ƙarfe suke sakawa a ciki. Ba zai saya muku ko mudun taki ba. Amma ki aiko min da shi, zan ciri wani abu a ciki na yi gyara, na ba Sadiƙa kuɗin alawa. Ki naɗe shi a zani mai tsabta. Kada rana ta taɓa kwalin, kada yara su hura masa iska da baki, kada a lanƙwasa littafin. Ki ba Lukumanu hannu da hannu, gobe in da hali.

Abu na biyu. Akwai wani Ja'afar mai sayen gyaɗa, ɗan Yola ta nan Ƙaraye, yana yawo ƙauyukanku. Shekara uku kacal da fara tara kaset, amma don yana da kuɗin gyaɗa ya sayi kabad mai gilashi da fitila a ciki. A zauren masu tarawa da muke da shi a waya, yanzu shi ake tambaya. Ni na nuna masa yadda ake wanke bakin kaset da sifirit. In ya zo, kada ki nuna masa komai.

Ki gaida maigidan.
Yayanki, Shitu


Ruwan Bago
2 ga Mayu

Yaya Shitu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya.

Na naɗe kaset ɗin yadda ka ce, sai motar Lukumanu ta lalace, ta yi kwana biyar a gareji. A cikin kwanakin Malam Ja'afar ya zo sayen ragowar gyaɗarmu. Ni ban nuna masa komai ba. Maigidan ne ya kawo zancen a zaure, ya aiko a karɓo ƙunshin, ni kuma na tsaya daga bakin ƙofa ina jin su.

Da ya ga kwalin, sai ya nemi ruwa ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ya fito da ɗan sukundireba ya buɗe bayan, ya daɗe yana duban ciki. Maigidan ya ce masa surukinsa masani ne kuma ya ce jabu ne, don haka ya ba da duk abin da ya sawwaƙa ya ɗauka. Malam Ja'afar ya ce: "Malam Shitu ya gan shi da idonsa?" Aka ce masa a'a, kwatance kawai aka yi maka. Ya ce: "To, shi ya sa."

Ya bayyana mana cewa shuɗin ba a taɓa sayar da shi a kanti ba, 'yan kaɗan aka yi don wata gasa, kowanne da lambarsa. Ya ce noti biyar ɗin nan ita ce shaidar na asali. Ya ce kuɗinsa zai sayi sa, har a yi canjin taki. Ya mayar da notin, ya ƙi tafiya da shi, wai sai ya ji ta bakinka, tunda kai ne babba a harkar.

Maigidan yana ta murna, yana cewa kowa yana kuskure. Ni kuwa na koma na karanta takardarka sau uku. Abin da ba zai sayi mudun taki ba, me ya sa ba a son rana ta taɓa kwalinsa?

Yaya, kuskure ka yi? Abin da nake son ji ke nan.

Ummu Hani


Yola, Ƙaraye
4 ga Mayu

Zuwa ga Malam Shitu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, na kira ka sau huɗu ba a ɗaga ba, na zo shago aka ce ka fita, shi ya sa na bar wannan.

Na ga shuɗin Ɗan Fito a gidan surukinka. Na asali ne, kwali da littafi duk lafiya. Ban saka hotonsa a zaurenmu na waya ba, ban gaya wa kowa ba. Na san shekara nawa ka yi kana nemansa, domin a bakinka na fara jin labarinsa.

Kai ka fi cancanta da shi. In za ka saya a kan kuɗinsa na gaskiya, na janye, kuma zan zo na taya ka murna. Sai dai mutanen nan suna bukatar sa kafin ruwa ya sauka. Zan jira zuwa Juma'a mai zuwa. In ban ji daga gare ka ba, zan biya su.

Allah Ya bar zumunci.
Naka, Ja'afar


Unguwar Hajji
7 ga Mayu

Ummu Hani,

Salamu alaikum. Wannan takarda ce ta huɗu, na yaga uku.

Ba kuskure na yi ba. Tun ina tsaye a bakin mota na karanta noti biyar da lamba, sai da na nemi benci na zauna. Na san abin da ke hannunki. Hotonsa yana manne a bangon shagona tun kafin ki yi aure.

Ki gane, na bi Kano, na bi Zariya, na taɓa kwana biyu a hanyar Legas saboda wani ya ce ya gan shi, na tarar fenti aka yi wa na toka. Sai ga shi a akwatin mamaci, a gidan da ba wanda ya san yadda ake saka shi a na'ura. Na lissafa, ko duk kaset ɗina na sayar ba za su kai ba, kuma ba zan iya sayar da su ba. Sai na ce a raina zan karɓa yanzu, na kyautata muku daga baya. Na san da maganar san da kuka rasa. Na sani lokacin da nake rubutawa.

Ja'afar ya aiko min da takarda mai ladabi. Da zagina ya yi da ta fi min sauƙi. Ya rufa min asiri a gaban mijinki, ya ba ni kwanaki alhali ya san ba ni da kuɗin. Yanzu shi ne mai gaskiya, shi ne mai kunya, kuma shi zai kunna wa shuɗin fitila a kabad. Duk wanda ya zo daga Kano gidansa za a kai shi, a wuce ta ƙofar shagona.

Na zalunce ki, ki yafe min. Amma ina roƙon abu ɗaya. Akwai wani a Kaduna da zai iya saye, zan nemo lambarsa, sati biyu ko uku kawai. Ki sayar wa kowa a duniya, ban da Ja'afar. In ya bar jihar nan zan iya haƙura. A Yola kuwa, tafiyar minti kaɗan daga gidana, ban san yadda zan yi ba.

Kada Inna ta ji.

Yayanki, Shitu


Ruwan Bago
16 ga Mayu

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

An yi ruwa ranar Talata. Sati uku ba namu ba ne. Malam Ja'afar ya biya ranar Juma'a, maigidan ya sayo sa a kasuwa, fari mai baƙin wuya, har ya fara sabawa da ɗan'uwansa.

Na yafe maka. Inna ba za ta ji ba, maigidan ma har yanzu kuskure ya sani. Takardarka na saka ta a murhu.

Malam Ja'afar ya ce a gaya maka ƙofarsa a buɗe take duk ranar da kake son ganin shuɗin. Sauran sha ɗayan suna nan. Shi na sa ya duba mana su.

Za mu zo Babbar Sallah, in Allah Ya kai mu. Ka gaida Anti Sauda.

Ummu Hani