Dankalin da Aka Yi wa Ajiyar Goro

Karaye.

Zuwa ga uwargidana Rabi'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da jaririnmu. Yaya jego, yaya ruwan zafi? Ki gaishe min da Inna Hajo. Tunda ta karɓe wayarki wai sai kin huta, ga takarda ta hannun direba.

Kin tuna dankalin turawan da kika saya a kanti kafin ki tafi wankan gida? Na ga ya fara laushi, sai na yi masa irin gatan da nake yi wa gorona a kasuwa: na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Jiya na buɗe na tarar duk ya fid da ƙahoni, wasu har sun yi kore. Zai ciwu? Na gaji da garin kwaki.

Arba'in ta wuce tuni, amma na ji Inna na cewa sai bayan Sallah za ki dawo. Ina jin nauyin yi mata magana. Wallahi kewarku ta ishe ni, gidan ya yi min girma.

Naki har kullum,
Shitu.

Rogo Ruma.

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yaron har ya fara murmushi. Yaya kasuwa?

Na yi dariya har ɗinkina ya motsa. Malam, dankali ba goro ba ne! Abu ne mai rai, da ya ji ɗumi da danshi sai ya ɗauka damina ta sauka. Shuka ka yi, ba ajiya ba. Wanda yake da tauri, ka ƙwaƙule tsiron, ka fere shi sosai, ka dafa. Wanda ya yi kore ko ya yamushe, ka zubar inda akuya ba za ta kai ba, yana ɓata ciki.

Ni ma kewarka nake, kunya ce ta hana ni faɗa a gidan nan. Don haka na karanta wa Inna takardarka, na tsallake ƙarshen. Ta yi salati, ta ce mutumin da yake yi wa dankali ban-ruwa ba a barinsa shi kaɗai, kada ya kashe kansa a ce laifinta ne. Yanzu haka tana dakan yajin da zan taho da shi.

Ka zo da mota ranar Juma'a. Kafin nan, don Allah kada ka dafa komai.

Taka,
Rabi'atu.