Sawun hannu a jikin ganuwa

Zuwa ga ɗan'uwana Evaristo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata sanyin Madrid bai gama da kai ba, Ubangiji ya ƙara lafiya. Mu nan Kartahena kalau muke, sai idon Baba da ya ƙara dushewa, yanzu da murya yake gane mu.

Ka tuna labarin da ya ishe mu da shi, wai lokacin da yake aikin gyaran tsohuwar ganuwar Sifaniyawa ya ga sawun hannun wani bawa a jikin yaɓen? Ni da kai dariya muke yi masa. To, ya ji za a yi wa ɓangaren sabon yaɓe ranar Litinin, sai ya tasa ni gaba, wai kyamarata ba ta san komai ba sai amare masu jan baki. Asabar da sassafe muka tafi.

Shekara ashirin ina ɗaukar baƙi hoto a saman ganuwar nan, ban taɓa sauka gindinta ta wajen teku ba. Evaristo, sai da na ɗaga kai na san girmanta. Duwatsun daga cikin ruwa aka sassaƙo su, har yau da katantanwa a jikinsu, kuma kowanne mutum ne ya ɗauko shi. Na duba sawun har na gaji, na ce mu koma gida. Ya ce in yi masa shiru, idona na ado ne. Ya bi bangon yana lalube, yana ƙirga taku daga kusurwa, can ya durƙusa. Da rana ta bugi wurin a karkace, sai ga yatsu biyar ɓaro-ɓaro, sun yi shekara ɗari uku a nan. Sau huɗu ina ɓata hoton.

Ga hotuna guda biyu na sa maka. Baba ya ce ka nuna wa mutanen can na farko, tunda sunan sarkinsu ne a ƙofar ganuwar, su ga wanda ya yi aikin. A na biyun ba za ka ga sawun ba, hannun Baba ya cika shi daidai. Ni na nemi gafararsa a wurin. Saura kai, ka kira shi.

Gwaggo Hortensia tana gaishe ka. Ka gaida Maritza da yara.

Ƙanwarka,
Eufemia