Babur Ɗin Ƙanƙara a Tudun Rairayi

Al Qusais, Dubai
Fabrairu, 2021

Zuwa ga mahaifina, Baba Danladi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka sa tabarau ka karanta ta ba. Amma wata bakwai ke nan ina riƙe da magana a ciki, ga shi abin da ya faru wata ranar Juma'a kwanakin baya babu wanda zai gane shi kamarka.

Bari in fara da labarin gida. Mama tana lafiya, ƙafar ce dai take damunta in sanyi ya sauko, amma ba ta fasa zuwa zumuntar mata ta coci ba. 'Yarka Rifkatu ta sauka lafiya a watan Disamba, namiji, an sa masa sunanka. A hoto kunnuwanka ne sak. Rumfarka ta bakin tashar Kafanchan tana hannun Kawu Bulus. Ya ce har yanzu direbobin Jos sukan tsaya su tambayi ina mai lagireto. Ni kuwa ban samu zuwa jana'izarka ba. An rufe hanyar jirgi saboda korona, a waya na ga yadda aka sa ka a ƙasa, ina zaune a kan gadona na sama a ɗakin da muke kwana mu shida.

Yanzu ga labarin. Ka taɓa jin babur ɗin da ake hawa a kan dusar ƙanƙara? Ba shi da taya. A gaba wasu dogayen takalma biyu ne masu sulɓi, a baya kuma wani faffaɗan bel mai haƙora kamar na katafila. An yi shi ne don ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa. To wani Balarabe mai suna Rashid ya sayo ɗaya ya kawo nan, ƙasar da ko a lokacin sanyi sai ka yi gumi, wai zai riƙa hawan tudun rairayi da shi. Na san da ka ji haka sai ka girgiza kai ka ce masu kuɗi ba su da aikin yi. Ni ma haka na ce a raina.

Injin yana da tobo. Ka san shi a jikin manyan motoci: hayaƙin salansa ne ke juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta danna iska cikin injin da ƙarfi. Iska in aka danne ta zafi take yi. A ƙasar ƙanƙara ba damuwa sosai, domin da sanyinta take shigowa. A nan kuwa da zafinta take shigowa, tobo ya ƙara mata wani. Sau biyu fistan ɗin da ke hawa da sauka cikin injin yana narkewa. Bayan na farko mu muka haɗa injin a garejin da nake aiki, ko wata ɗaya bai yi ba ya dawo a bayan mota, na biyun ya narke. Rashid ya tsaya a tsakiyar gareji ya ce in ba za mu iya ba, khalas, wato shi ke nan, zai kwashe motocinsa da na 'yan uwansa duka ya kai wani wuri.

Ogana, wani ɗan Labanan ne, ba mugu ba ne, amma korona ta matse shi. Ya riga ya sallami mutum biyu, ni kuma bizata saura wata uku ta ƙare. Kowa a garejin ya san wanda zai biyo baya in aka rasa motocin nan.

Maganin abin sananne ne: intakula, wato lagireton iska, wanda ake sawa tsakanin tobo da injin don ya sanyaya iskar kafin ta shiga. Oga ya so ya yi odar wanda ake sayarwa daga waje. Na duba hotonsa na ce masa ba zai yi ba. An ƙera shi ne don iskar ƙanƙara ta riƙa bugunsa daga gaba. A kan tudu kuwa injin yana ihu ne babur yana tafiya a hankali, iskar da za ta buge shi ma mai zafi ce. Na ce ruwa za mu sa ya yi aikin. Ya tambaye ni wa zai ƙera. Na ce ni.

Baba, a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Shekara huɗu ina garejin nan ban taɓa faɗa wa kowa cewa na iya aikin lagireto ba. Na'urar kwamfuta nake riƙewa, in jona wa mota in karanta abin da ke damunta. Kai ma in ka tambaye ni a waya, haka nake ce maka, har da ƙari. Ka tuna ranar da na ajiye ƙarfen dalma a gaban masu kawo gyara, na ce maka ba zan ƙare rayuwata a gindin mangwaro ina shaƙar hayaƙi ba? Lokacin shekarata goma sha tara. Ka sunkuya ka ɗauki ƙarfen ka mayar cikin wuta, ka ƙarasa aikin da na bari. Daga baya kai ka kai ni makarantar koyon sana'a a Kaduna. Ban taɓa ba ka haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na zo gida, sai mun zauna. Me ya hana ni faɗa a waya? Kalma nawa ce?

Kwana tara na yi a kan aikin. Na auna wurin da ke tsakanin tobo da bakin injin da kwali, kamar yadda kake yanka kwalin sabulu ka gwada kafin ka taɓa ƙarfe. Na samo ƙwaryar ciki mai siraran bututu a wani shago a Sharjah, na yanka farantin alminiyam na yi mata akwati da walda. Iska tana bi ta tsakiya, ruwa yana zagayawa ta cikin bututun yana kwashe zafin. Na sa ƙaramin famfo mai aiki da batir, na ɗaura wani ɗan lagireto da fanka a bayan kujera, sannan na ƙara tanki mai faɗin baki wanda za a iya zuba ƙanƙara a ciki. Alminiyam ba kamar tagullarka ba ne, ba ya nuna ja kafin ya zube. Na ɓata faranti biyu kafin hannuna ya zauna.

Da na gama, Oga ya sa ma'auni ya hura iska, allura ta tsaya cak. Ya ce yalla, maza a ɗaura, Rashid yana ta kira. Na ce a'a. Na jawo bahon da muke wanke kayan injin na cika shi da ruwa, na toshe bakunan akwatin, na hura iska na nutsar da shi. Abokan aikina suna dariya, wai ga na'ura mai tsada ni kuma ina wa ƙarfe wanka. Kai in ka nutsar da lagireto sai ka sayi ƙullin gyaɗa, ba ka ɗagowa sai ka cinye. Ni shayi na saya na zauna. Na kusa shanyewa sai ga kumfa ɗaya, ƙarama kamar ƙwayar gero, ta taso daga kusurwar da ruwa da iska suke maƙwabtaka. Can sai ga wata. Da an ɗaura shi haka, da ruwa ya riƙa tsiyaya cikin injin, da mun kashe shi karo na uku. Oga ya tsuguna ya daɗe yana kallon ruwan. Ya tambaye ni inda na koyi wannan. Na ce masa mahaifina mai gyaran lagireto ne, shekara talatin da wani abu, kuma babu irinsa daga Kafanchan har Jos. A gaban kowa na faɗa, da ƙarfi.

Ranar Juma'a da sassafe muka fita hamada. Ban je sujada a coci ba, don a nan ranar Juma'a ake yi, na san za ka yi magana, amma ka bar ni da wannan. Na zuba ƙanƙara leda biyu a tanki. Rashid ya hau ya nufi tudun da ya cinye masa fistan biyu. Gabana bai faɗi ba, Baba. Na san abin da na haɗa. Ya hau ya sauko, ya sake hawa, har na daina ƙirgawa. Da ya tsaya na taɓa bututun da ke fitowa daga tobo, ba ya taɓuwa don zafi. Na taɓa wanda ke shiga injin, sanyi kamar gefen randa. Ƙanƙarar ta narke tuni, amma fanka da famfo sun riƙe. Rashid ya cire hular kwano yana ta ce mini habibi, habibi, wato masoyina, ya ce in ƙara wa tobon ƙarfi. Na ce ba zan ƙara ba, injin ya kai iyakarsa. Ya kalli Oga, Oga ya ce abin da Istifanus ya faɗa shi ne.

An sabunta mini biza. Abokan Rashid biyu sun kawo nasu, kuma Oga ya ware mini kusurwa guda a gareji da teburin walda.

Jiya Mama ta kira. Za a yi wa kabarinka siminti kafin damina, suna ta shawarar abin da za a rubuta. Kawu Bulus ya ce a sa sunanka da shekaru, a ƙasa a sa dattijon ikkilisiya. Na ce a sa, gaskiya ne. Amma a bar layi ɗaya a ƙarƙashi kada kowa ya taɓa. Ina zuwa da bikin Ista, na riga na karɓi hutu. Da hannuna zan rubuta sana'arka a kan ɗanyen siminti.

Ka huta lafiya, Baba. Ka yafe mini. Sai mun sadu.

Ni ne ɗanka,
Istifanus Danladi, mai gyaran lagireto